Abin da Isiyaku Ya Ce Shugaba Ya Ce

Duk wanda ya yi shekara ashirin a sashen saƙa na wata masaƙa da ke unguwar Kakuri a Kaduna, da abu biyu yake fita: tari da kurumta. Malam Isiyaku ya tsira da tarin kaɗai, don shi mai gyaran inji ne, yana shiga yana fita, kuma tun yana sabon ɗauka ya saba toshe kunnensa da auduga. Abokinsa Bitrus kuwa, wanda ke tsaye kan inji shida tun safe har a busa jiniyar tashi, duka biyun ya kwasa. Ranar da aka rufe kamfanin, shekara uku bayan sojoji sun koma bariki, an yi ta kuka da zage-zage a bakin ƙofa, shi ko ɗaya bai ji ba. A bakin Isiyaku ya ga labarin.

Ganin labari a baki ba abin mamaki ba ne ga mutanen saƙa. In injuna ɗari huɗu suka tashi lokaci guda, ko da kakaki ka zo ba mai jin ka, saboda haka ma'aikatan suka koyi magana da leɓe, ba murya. Mutum zai tsaya a wannan layi, abokinsa a wancan, su yi hirar siyasa, su yi gulmar foman, har su yi faɗa su shirya, ba wanda ya ji ƙala. Doka ɗaya ce tak a wannan magana: ba a kau da fuska. In ka ji haushin mutum ka zage shi, ka haɗa da kakansa in ka ga dama, amma ka bar idonka a kan bakinsa har ya gama. Wanda ya juya wa mai magana ƙeya ya yanke zumunci ke nan. A iya zaman Isiyaku a kamfanin, sau biyu kawai ya ga an yi haka.

Gida ɗaya suke haya, ɗakunansu na kallon juna. Isiyaku mutumin Kudan ne, matarsa Saratu ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a ƙetaren kogi. Lokacin da gari ya rikice har kowa ya bi nasa, Musulmi suka tsallaka gada zuwa arewa, Kirista suka gangaro kudu, Bitrus ne ya ɓoye shi kwana uku a bayan buhunan masara, ya zauna a bakin ƙofa da Littafi Mai Tsarki a cinya. Duk wanda ya zo da tambaya sai ya nuna masa kunne ya girgiza kai. Da ƙura ta lafa, Isiyaku ya duba layin nasu ya ga shi kaɗai ya rage mai shimfiɗa buzu. Bai tashi ba. Ina zai je? Gidan suruki, ya zauna a zaure ana miƙo masa tuwo? A nan kuwa kowa ya san shi da Malam na gidan Bitrus, kuma wannan suna shi ne katangarsa. Yana gyaran keken ɗinki, Bitrus na ɗinkin buhu a kasuwa, ana dai lallaɓawa.

Ranakun jawabin Shugaban Ƙasa kuwa sun zame musu ƙananan bukukuwa. Sau uku ne a shekara in ba wani abu ya taso ba: ranar sabuwar shekara, ranar dimokuraɗiyya, da ranar 'yancin kai. Ƙarfe bakwai na safe ake yi, a shagon Ugonna mai gyaran talabijin, don shi ke da janareto. Ugonna kan zaɓi mafi kyau cikin akwatunan da aka kawo masa gyara ya ɗora kan benci, tsofaffin ma'aikata su taru da hulunansu na kamfani. Kowa ya fuskanci akwatin, ban da Isiyaku. Shi baya yake juya masa, ya fuskanci Bitrus, gwiwa da gwiwa. Ya samu Turanci wurin injiniyoyin da ya yi aiki da su, to sai ya ba Shugaba kunne, ya ba Bitrus baki. Bitrus ya sha gwada karanta leɓen Shugaba da kansa, amma Turanci ne, ga hoton na rawa, ga bakin mutumin ba ya buɗewa yadda ya kamata.

Kuma Shugaba ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa ba. Yakan fara da "Ya ku 'yan uwana", ya ɗan yi shiru kamar wanda abin ya taɓa. Daga nan ya tuna wa jama'a irin kangon da ya gada. In ya zo kan wahala sai ya ce mu, mu daure, mu ƙara haƙuri, mu tsuke bakin aljihu. In ya zo kan abin yabo sai ka ji gwamnatina. Yana da wata mace mai naƙuda da yake kawowa kusan kowane jawabi, wai ƙasa ce, wai zafin da ake ji alamar haihuwa ce. Wani tsohon mai rini ya taɓa cewa matar nan da a asibiti take da tuni an yi mata aiki. Romon dimokuraɗiyya kuma kullum yana kan wuta, an ce ya kusa nuna. Isiyaku ya mayar da duk wannan da Hausa shekara da shekaru bai ƙara ba bai rage ba, in Shugaba ya yi shiru shi ma ya rufe baki. Bitrus kan gyaɗa kai ya ce da leɓe, "To, ya ambace mu?" Isiyaku ya ce, "Bai ambata ba." Su tashi su tafi neman abinci.

Ana nan, sai wata Kirsimeti wasiƙa ta zo daga ƙauyen su Bitrus, can bayan Kachia. Yayansa Shekari ne ya aiko. Ya ce shi ya tsufa, ba ya iya riƙe gonar Bitrus tare da tasa kamar da. Dattawan gida sun zauna. Da can Bitrus na da hujja, yana aikin kamfani. Yanzu damina uku ke nan ba kamfani, ga 'ya'yan baffansu sun girma ba su da inda za su dasa citta. An yanke cewa in bai zo ya yi shara kafin ruwan farko ba, za a raba musu gonar. Kuma ya sani, ƙasar da aka raba a gaban dattawa ba ta dawowa.

Bitrus ya ba Isiyaku wasiƙar ya karanta, sannan ya ce, "Zan saurari jawabin sabuwar shekara. In babu mu a ciki, zan tattara. Na gaji da ɗinka buhun hatsin wasu."

Isiyaku ya ce hakan ya yi daidai. Kwana shida yana kallon ƙofar ɗakin Bitrus yana tunanin wa zai shige shi, da wane ido zai dube shi, kuma wa zai zauna masa a bakin ƙofa in gari ya sake rikicewa. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, irin wanda dattijo ke jin kunyar faɗa.

Ranar sabuwar shekara Shugaba ya fito da farar riga, tuta a bayansa. Ya yi gaisuwarsa, ya yi shirunsa, ya kawo mai naƙuda. Can ya gyara tabarau ya shiga maganar da ta kawo shi. Ya ce zamanin da gwamnati ke ba kamfanoni abinci a baki ya wuce har abada. Gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce. Duniya ta zama kasuwa ɗaya, kuma masana'antar da ta kasa tsayawa da ƙafarta kada ta jira a goya ta. Ya ce wannan shi ne 'yanci na gaskiya, kowa ya tashi ya nema. Da murmushi ya faɗa, har yana buga ƙirji.

Isiyaku ya gane sarai. An yi wa masaƙa salla an kai ta, saura a watse. Ya buɗe baki zai faɗa, sai idonsa ya faɗa kan kusurwar wasiƙar da ta leƙo daga aljihun Bitrus.

"Ya ce za a buɗe masaƙun Kaduna," in ji leɓensa.

Bitrus ya matso.

"Ya ambaci Kakuri da bakinsa. Ya ce kafin watan Oktoba. Tsofaffin hannu za a fara kira, amma wanda aka nema ba ya gari, an wuce shi."

Bitrus ya ɗaga ido ya dubi akwatin. Ga Shugaba can yana buga ƙirji, fuskarsa cike da alkawari. Abin ya dace kamar an auna. Bai ce Isiyaku ya rantse ba. Da ya ce, wataƙila da maganar ta tsaya nan, don Isiyaku bai taɓa rantsuwa kan ƙarya ba. Amma wa ke sa kunnensa rantsuwa? Sai kawai ya fashe da dariya, irin dariyar kurame mai ƙarfi, ya kama hannun abokinsa yana girgizawa.

Ugonna ya waiwayo ya ce, "Oga Malam, wetin you tell am? Me ka gaya masa? Mu muna shan bulala, shi yana dariya."

"Tsakaninmu ne," in ji Isiyaku.

Washegari Bitrus ya ba direban Kachia saƙo: a gaya wa Shekari aiki zai dawo, dattawa su yi masa uzuri. Ya fito da tsohon yunifom ɗinsa ya wanke ya goge, ya rataye a ƙusa.

Ƙarya kuwa ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi 'yan rakiya. A watan Afrilu manyan motoci suka fara fitowa daga masaƙar ɗauke da injuna an yayyanka su gunduwa-gunduwa, 'yan gwangwan na zaune a kai suna cin rake. Bitrus ya tsaya a bakin titi ya gane ƙafar injin da ya yi shekaru yana jingina da ita. Ya juyo fuskarsa duk ta canza.

"Tsofaffin ake kwashewa," in ji Isiyaku. "In ba a share ɗaki ba, ina za a sa sababbi?"

Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar ta fito masa sumul. Zama da maɗaukin kanwa, an ce, shi ke kawo farin kai. Ya daɗe yana ɗaukar maganar mutumin nan a bakinsa, har ya koyi inda ake yin shiru, da inda ake murmushi. Har a ransa ma da irin kalmomin yake lallashin kansa: ai ɗan haƙuri ne na wani lokaci, ai don amfaninsu ne su biyu, ai noma a wannan shekaru kashe Bitrus zai yi. Yakan yi alwala ya tsaya salla da niyyar gobe zai faɗi gaskiya. Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa, har ruwan farko ya sauka a Kakuri, ya san kuma can kudu ya riga ya sauka.

Ana gobe ranar dimokuraɗiyya Edith ta iso. Ita ce 'yar Bitrus, malamar firamare a Zonkwa, kuma ta biya ta ƙauye kafin ta zo. Ta gaishe da Isiyaku har ƙasa kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, sannan ta zauna gaban ubanta ta gaya masa. An raba gonar gida uku. An dasa citta, har ta fara tsiro. Itacen ɗorawar da kakanta ya bari ya faɗa a rabon ƙaramin cikin 'ya'yan baffan.

Bitrus ya dube ta. Sannan ya shafa kanta ya nuna mata yunifom a ƙusa. "Ba komai. Oktoba ta kusa. Gobe ki zo ki ji da kunnenki, ke da kike da shi."

Da safe shagon Ugonna ya cika. Isiyaku ya zauna a wurinsa, baya ga akwati. Edith ba ta samu benci ba, sai ta tsaya bayan ubanta, hannunta a kafaɗarsa. Isiyaku ya gan ta, bai kuma damu ba. Ya san tana jin Turanci fiye da shi, amma me za ta sani game da abin da shi yake faɗa? A ganinsa maganar leɓe ta mutanen saƙa ce, sai wanda ya shaƙi auduga. Ya manta, ko kuwa bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba, cewa yarinyar da ta tashi a gidan kurma da leɓe ta roƙi kuɗin makaranta, da leɓe aka yi mata faɗa.

Shugaba ya fara. Ya taya 'yan uwansa murnar shekarun dimokuraɗiyya. Ya ce gwamnatinsa ta yi abin da aka daɗe ana tsoron yi, ta cire hannu daga harkokin da ba nata ba. Ya ce akwai masu kuka don sun saba da zaman jira, amma tarihi ba ya komawa baya, kuma ƙasa ba za ta ci gaba da zuba ruwa a tulun da ya fashe ba.

"Ya ce sababbin injuna suna kan teku," in ji leɓen Isiyaku. "Ya ce ma'aikatan Kakuri su ne ƙashin bayan ƙasa. Ya ce kada kowa ya yi nisa."

Ya ɗaga ido don ya huta, sai ya ga idon Edith. Ba akwatin take kallo ba. Bakinsa take kallo, ta ɗan karkata kai kamar yadda ubanta ke yi.

Ta zagayo a hankali ta durƙusa gefen benci, ta taɓa haɓar Bitrus ta juyo da fuskarsa gare ta. Isiyaku na zaune yana karanta kowace kalma a leɓenta, ba yadda zai yi ya ƙi gani.

"Baba, ba abin da yake faɗa ke nan ba. Bai ambaci inji ba. Bai ambaci Kakuri ba. Cewa yake an gama da kamfanoni irin naku, kowa ya nemi abin yi."

Ba wanda ya lura a shagon. Janareto na ruri, Shugaba na lissafa hanyoyin da za a gina, wani na tsaki, wani na neman a matsa masa. Bitrus ya dubi 'yarsa, ya dubi akwatin, sannan ya dawo da idonsa kan Isiyaku.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Gaskiya ta faɗa."

"Yau kawai?"

"Tun sabuwar shekara."

"Motocin nan fa?"

"Panteka suka nufa, kasuwar tsofaffin ƙarfe. Kilo aka sayar."

Bitrus ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ake gaya wa farashin kaya. Hannunsa ya kai aljihu inda wasiƙar ta saba zama, ya dawo. "Shi wancan," ya nuna akwatin da haɓa, "bai san ni ba. Bai taɓa cin tuwona ba. Kuma ashe shi gaskiyarsa ya faɗa. Kai fa, Siyaku? Don me?"

Isiyaku ya ji maganganu sun taso masa a jere, masu santsi, shiryayyu: ai don kai na yi, ai ƙarfinka ya ƙare, ai da ka tafi da ciwo ya kama ka. Ya haɗiye su da ƙyar. Ya ce, "Tsoro na ji. In ka tafi ba ni da kowa a nan." Sai da ya maimaita kafin Bitrus ya gane. Sannan ya ci gaba, "Bitrus, ka tsaya ka ji. Zan je ƙauyen da kaina, zan durƙusa gaban Shekari da dattawa, in ce ni ne..."

Bai kai ƙarshe ba. Bitrus ya ɗora hannu kan benci, ya juya jikinsa gaba ɗaya, ya ba shi ƙeya.

Isiyaku ya ci gaba da motsa baki na ɗan lokaci, ga ƙeyar mai furfura a gabansa. Ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗar, Edith ta tare hannun, ba da ƙarfi ba, hawaye na zubo mata. Sai ya yi abin da bai yi ba cikin shekara ashirin da biyar. Ya kira shi da murya.

"Bitrus!"

Duk shagon ya waiwayo. Tsofaffin ma'aikatan suka ga yadda mutanen biyu ke zaune, ɗaya na kallon ƙeyar ɗaya, suka gane, suka sunkuyar da kai. Ugonna kaɗai ne bai san dokar ba.

"Haba Malam, yi shiru mana," in ji shi. "Shugaba bai gama ba."

Kwana huɗu Bitrus ya ƙara a gidan. In suka haɗu a bakin famfo sai ya kafa ido a ƙasa har ya cika bokitinsa. Isiyaku ya rubuta takarda ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, da safe ya tarar da ita a bakin tasa ƙofar, a ninke yadda ya ninke ta. A rana ta biyar Edith ta ɗauki ubanta zuwa Zonkwa, inda take da ɗaki ɗaya a gidan malamai, da ɗan fili a baya da bai wuce a shuka kuɓewa ba. Yunifom ɗin aka bari a ƙusa.

Isiyaku ya bi su har tasha. Ya zagaya ya tsaya daidai tagar da Bitrus ke zaune, ya buɗe baki sosai yadda ake yi wa na layi mai nisa, ya ce, "Ka yafe mini." Ya faɗa sau uku. Bitrus na kallon bayan kujerar da ke gabansa har mota ta cika ta tashi.

Ranar ɗaya ga Oktoba Ugonna ya fito da akwati kamar kullum. Isiyaku ya zo, don kayansa na ɗaure, sai la'asar surukinsa zai turo a kwashe su zuwa ƙetaren gada. Ya zauna a wurinsa na da, baya ga akwati, kafin ya tuna. Shugaba ya ce, "Ya ku 'yan uwana," ya yi ɗan shirunsa. Mutanen da ke kusa suka ga leɓen tsohon ya fara motsi shi kaɗai. Wannan karon kalma da kalma yake mayarwa, bai ƙara ba bai rage ba, kuma ba kowa a kan bencin da ke gabansa.